Muryar da Ke Bayan Kaltouma

Duk Bahaushen da ya aurar da 'ya a Garwa, daga Yelwa har bakin gada, in dai bikin ya amsa sunansa, to Kaltouma ce ta yi masa waƙa. Wanda ba ta yi wa ba, ku bincika da kyau: ko dai babu ce, ko rowa, ko kuma uwar amarya ta taɓa ce mata ta yi ƙiba.

Zabiya ce 'yar zabiya. Kakanninta fatake ne da suka sauko daga Kano da dilolin tufafi, suka ga kogi, suka ɗanɗana kifinsa, suka manta hanyar gida. Uwarta ta bar mata ƙoren kiɗa, da waƙoƙi cike da kai, da wata irin murya wadda in ta ɗaga ta a tsakar gida kaji ke watsewa. Ta auri Abdelkerim direban motar auduga, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana, don dai ba a taɓa bar masa wurin yin ta ba. Da ya rasu likita ya ce hawan jini ne, maƙwabta suka ce shiru ya tafi nema. Ta yi takabarta, ta fito, ta ɗaura ɗankwalinta mai hawa biyu, ta koma fili.

A faɗi gaskiya, mace ce mai hannu a sake. Ba a rashin lafiya a unguwa ba ta kai kunu ba, ba a mutuwa ba ta zauna zaman makoki ba. Abu guda ne jikinta ba ya ɗauka: a yabi wani tana wurin. Ki ce miyar maƙwabciya ta yi daɗi, sai ciwon kai ya kama ta nan take. Shekarar da aka sa sabuwar lasifika a masallacin unguwa, mutane suka yi ta cewa ladan na da murya, Kaltouma ta taɓe baki ta ce, “Na'ura ce.”

A bayanta kuwa, a duk filin da ta tsaya, akwai 'yan amshi uku. Biyu suna zuwa suna tafiya, aure ya ɗauke wannan, haihuwa ta zaunar da waccan. Ɗaya ce ba ta taɓa gusawa ba, wato Mama. Sunan uwar ubanta aka sa mata, shi ya sa tun tana tsumma kowa ke ce mata Mama, har sunan yankan ya ɓace. Daga Mayo-Oulo aure ya kawo ta, mijin ya mutu ya bar ta da 'ya'ya da kaskon suya. Da safe tana soya makala, wato fanke, a bakin titi, da la'asar ta wanke hannu ta bi Kaltouma. Siririya ce, ba ta da hayaniya, irin matan da za a gama biki a ce, “Af, ashe kin zo?”

Amshi kuwa yana da dokarsa. 'Yar amshi baya take tsayawa, ta karɓi waƙa ta mayar, ta rage murya yadda ba za ta taɓa kafaɗar ta zabiya ba. Liƙi ma goshin zabiya yake zuwa, daga baya a raba a gida. Mama ta riƙe wannan doka shekara da shekaru, har Kaltouma ta daina jin ta, kamar yadda mutum ke daina jin ƙarar fankar ɗakinsa.

Abin ya taso ne daga Ikram, 'yar ƙanen Kaltouma, Ridwan mai shagon yadi. Yarinyar ta gama lise, wato sakandare, ta ce ita jami'ar Maruwa za ta, ta karanta kiɗa da fasahar sauti.

Kaltouma ta ce, “Sauti? Shi ma yanzu karanta shi ake? Ni da ban taɓa taka ƙofar lekol ɗin boko ba, wane sauti ne ban yi ba a garin nan? Ridwan, 'ya'yan mutane na zama likitoci, kai taka za ta tafi koyon murɗa rediyo.”

Amma a ranta daɗi ta ji. Ta ɗauka jini ne ya motsa, ta riƙa gaya wa mata cewa 'yarta na can jami'a tana karanta abin da ita ke yi a tsaye.

A shekarar ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya naɗo wani kiɗan gargajiya, ya gyara shi, ya kare aikinsa gaban malamai. Ikram ta hau mota ta taho Garwa da kwamfuta, da wani ɗan akwati mai wayoyi, da mikro, da abin sawa a kunne da suke kira kaske. Tsakiyar watannin zafi ne, lokacin da garin ke gasa mutum yana tsaye. Ta kwashe katifun gidan kaf ta jingina su a bangon ɗaki guda, ta rufe taga, ta kashe fanka.

Kaltouma ta zo cikin leshi, ta sha turare, ta tsaya bakin ƙofa tana leƙe.

“Ke, nan kabari ne ko sitidiyo?”

“Shigo, Goggo. Amma a cire awarwaro, suna ƙara.”

“Awarwaron da na je Makka da su?”

“Da ɗankwalin ma, kaske ba zai zauna ba.”

“To ina 'yan amshina?”

“Ɗaya bayan ɗaya za a yi. Na riga na ɗauki ƙwarya, za ki ji ta a kunne. Ke ki yi naki, su ma kowa ta shigo ta yi nata, ni zan haɗa.”

“Ni kaɗai? In yi wa wa waƙar, katifa?”

Haka dai aka yi. Ta tsaya ba ɗankwali, zufa na bin wuyanta, ta fara da yi wa katifar kirari, uwar malalata, aminiyar masu jego, sai da Ikram ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta kama waƙar kai amarya. Yarinyar na ta ce mata ta ja baya kaɗan, tana cinye mikro. Kaltouma ta ce tun uban yarinyar na yawo ba wando take cin mikro, bai taɓa ɓata mata ciki ba.

Mama ce ta shigo ƙarshe, tana goge mai a gefen zane. Ta yi amshinta a hankali kamar kullum, ta ce a yi mata afuwa ta bar kasko a wuta, ta fita.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dalbejiya. Ridwan ya dawo daga kasuwa ana zuba masa shayi, matarsa na tsinke zogale. Ikram ta buɗe kwamfuta ta nuna wa goggonta wasu zane-zane a kwance, kowace murya da layinta.

“Wannan mai kaurin ke ce. Wannan siririn Inna Mama ce.”

Kaltouma ta duba nata, ya cika layi har yana neman zuba. Ta duba na Mama, kamar zaren ɗinki. Ta gyara zama. Karatun nan ashe yana da amfani.

Aka saki waƙa gaba ɗaya, ta fita tsaf, kowa ya ce madalla. Sai Ikram, da ɗokin mai sabon ilimi, ta ce bari ta nuna musu wani abu. Ta taɓa wuri guda, ƙwarya ta yi shiru. Ta taɓa wani, Kaltouma ta ɓace. Ta kashe sauran biyun. Aka bar siririn zaren nan shi kaɗai.

Murya ce mai sanyi, mai zurfi, irin ruwan randa da tsakar rana. A ƙarshen kowane amshi tana ɗan karkarwa kaɗan kafin ta sauka, kamar mai riƙe kuka don kunya. Ba ta da ƙarfi, amma ba ta barin mutum ya yi wani tunani. Matar Ridwan ta tsaya da reshen zogale a hannu. Ridwan ya manta kofi a bakinsa.

“Wace ce wannan?” in ji shi.

“Inna Mama ce, Baba.”

“Mama mai makala?”

Kaltouma ta ƙura wa na'urar ido. Muryar nan a ƙeyarta take tun kafin a haifi yarinyar da ke taɓa na'urar, amma yau ta fara jin ta. Ta so ta ce na'ura ce, sai ta tuna na'urar guda ce ta ɗauke su su biyu.

“Mayar da kowa,” ta ce. “Ita kuma rage ta, tana rufe ƙwarya.”

Ikram ta ja wani ɗan maɓalli ƙasa, Mama ta yi nisa. Ta ƙara ja, Mama ta tafi ɗungum. Kaltouma ba ta kalli allon ba, yatsan yarinyar ta kalla. Duk karatun da aka tura Ikram Maruwa ta yi, wannan darasi guda goggonta ta ɗauka: ashe da yatsa ɗaya ana iya rufe wa mutum baki.

Ikram ta koma makaranta. Ba a jima ba ta bugo waya, cike da murna.

“Goggo, malamarmu Madam Rosalie ta ji aikin! Ta yi ta maimaita wurin Inna Mama, ta ce ina matar nan ta ɓuya duk shekarun nan?”

“A bayana ta ɓuya. Ni fa, me ta ce?”

“Ta ce... kina da ƙarfi sosai.”

“Ƙarfi? Jaki ce ni, ko injin niƙa?”

Daga ranar Kaltouma ta daina barcin rana. Ta fara jin Mama a ko'ina. A wurin biki tana waƙa kunnenta na baya, har ta soma mance sunayen dangin ango, abin da bai taɓa faruwa ba. Da safe ta bi ta gaban kaskon, ta ji Mama na ce wa yaro ya kawo kwano, sai ta ce a ranta, ji yadda take jan “kwano” ɗin, da gangan take yi. Ita kuwa baiwar Allah ba ta san ana yi ba, don ba wanda ya tuna ya gaya mata. Takan ce, “Adda, ko ba ki da lafiya ne? Na ga kin rame.” Kaltouma ta ce lafiyarta ƙalau, masu jiran ta kwanta su ci gaba da jira.

Sai ga bikin 'yar Hajja Laila a unguwar Rumde Ajiya, bikin da duk wata mai ji da kanta a Garwa za ta je, har da baƙi daga Maruwa da Ngaundere. Kaltouma ta lissafa: a cikin taron nan akwai wadda matar Ridwan ta riga ta yi wa surutu. Za a zo ana kasa kunne a bayanta. Idan tsayuwar gaba ta kuɓuce mata a filin Hajja Laila, to ta kuɓuce a garin gaba ɗaya.

Mai kayan sautin bikin Christian ne, wani ƙato mai fara'a da ya daɗe yana bin su da lasifikokinsa a amalanke. Tsarinsa ɗaya ne kullum: mikro guda na zabiya, guda na amshi, Mama ke riƙewa don ita ce babba, sauran biyun su kanga kai. Kafin a fara, Kaltouma ta ja shi bayan rumfa.

“Christian, ɗana.”

“Hajja, in kika ce ɗana, akwai wahala a gaba.”

“Mikron amshi. Ka ja abin nan nasa ƙasa.”

“Kaɗan?”

“Har ƙasa.”

“Hajja, amshi zai mutu fa.”

“Uwata ta yi waƙa shekara nawa ba mikro, wa ya mutu? Yana yi mini ƙara a kunne ne.”

Christian ya sosa ƙeya. Ya san ba ƙara, ya kuma san wadda ke kawo masa aiki. Ya ja abin har ƙasa.

Mata suka cika fili, anko ruwan goro, turaren wuta na tashi, masu fifita na fifita. Ƙwarya ta ɗauka. Kaltouma ta buɗe murya, lasifika ta kai ta har titi. Ta kai ƙarshen baiti ta saki, don amshi ya karɓa.

Amshi ya fito kamar ana magana a cikin tulu.

Mama ta dubi mikro, ta buga shi a tafin hannu, ta hura. Ta waiga wajen Christian, shi kuwa ya sami wani abin sha'awa a takalminsa yana ta kallo. Baiti na biyu ya zo, amshi ya sake nutsewa. Kaltouma ta ji sanyi a ranta, har ta ɗan juya ƙugu.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne, Mama ba ta san makirci ba, aiki ta sani. A wurinta waƙar da ba a amsa ba tsirara take, kuma barin Adda tsirara gaban baƙin Ngaundere abin kunya ne. Tunda na'ura ta ƙi, sai a yi da ƙirji. Ta sauke mikron gefen cinya, ta ja numfashi, ta saki abin da take dannewa tun tana amarya.

Jama'a, ashe zaren nan igiya ce. Muryar ta tashi ba lasifika, ba komai, ta ratsa rumfa ta fita. Sauran 'yan amshin biyu suka ɓace a ƙarƙashinta, sai bakinsu ake gani yana motsi. Kuma da yake ta Kaltouma daga akwatunan gefe take fitowa, ita kuwa wannan daga jikin mutum, sai kawuna suka fara juyawa suna neman mai ita. Masu fifita suka tsaya. Wata mai raba jinja ta tsaya da tire a hannu.

Kakar amarya, wata tsohuwar Bafulatana da ba ta tashi sai da dalili, ta dogara sandarta ta miƙe. Ta kwance bakin zane tana tahowa a hankali. Kaltouma ta gan ta, ta matso, ta ɗan sunkuyar da goshi yadda ta saba, tana murmushi.

Tsohuwa ta wuce ta. Ta wuce ta kamar an dasa turmi a hanya, ta je ta manna wa Mama kuɗi a goshi, ta ce da Fulatanci Allah ya yi wa wadda ta haife ta albarka.

Kaltouma ta tsaya da goshi a miƙe. Aka rangaɗa guɗa, mata suka taso.

Nan ta yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko. Ta tuna cewa in mikro na aiki Mama rage murya take yi. Sai ta yi wa Christian ido, ta ɗaga yatsa sama: kunna, kunna! Christian ya tura abin sama da sauri, har ya zarce. Daidai lokacin Mama ta ɗaga hannun da ke riƙe da mikron don ta kare fuskarta daga masu liƙi, bakinta kuwa a buɗe, murya a sake. Abin da rumfa ɗaya ta ji, sai unguwa ta ji. 'Yan moto, wato masu acaɓa, suka tsaya a bakin titi. Aka ce har wani mai gyaran taya ya aiko a tambaya wace baƙuwar zabiya aka kawo daga Nijeriya.

An tashi kafin magariba. A tsakar gidan Kaltouma, Mama ta kwance ɗankwalinta ta juye abin da aka liƙa mata cikin faifai, yadda aka saba.

“Kwashe abinki,” in ji Kaltouma. “Mu ƙananan mutane ina mu ina cin kuɗin manya.”

“Adda, me ya kawo wannan magana?”

“Au, ba ki sani ba? Kin tsaya gaban duniya kin buɗe maƙogwaro kamar ana yanka ki.”

“Mikro ne ya mutu.”

“Da ya mutu sai ki bi shi.”

Mama ta ninke ɗankwali. Can ta ce, “Na ga sanda kika yi wa Christian ido ya kunna. Wanda ya san a kunna, ya san yadda aka kashe.”

Kaltouma ta kau da kai, Mama ta ci gaba.

“Shekara da shekaru ina rage murya saboda ke, Adda. Ban taɓa jin nauyin haka ba, aikina ne. Na ɗauka kin san ragewa nake.”

“Ni na ɗauka iyakarki ke nan.”

“Ni ma na fara ɗaukar haka.”

Da Kaltouma ta ce yi haƙuri, da an wuce wurin, don Mama ba mai riƙo ba ce. Amma kalmar nan ba ta cikin waƙoƙin da uwarta ta bar mata. Abin da ya fito shi ne, “To ga fili ga ƙwarya. Je ki gwada tsayuwar gaba, ki ji yadda rana ke dukan goshi.”

Mama ta sa takalminta ta ce, “Sai da safe, Adda.” Ta bar faifan a inda yake.

Kaltouma ta zauna jiran ta dawo. Ba ta dawo ba. Masu zuwa kamun biki suka fara wata sabuwar gaisuwa: “Hajja, da Mama za ku zo ko?” Ta ce Mama ta yi girma, a neme ta a ofishinta bakin titi. Wasu suka yi dariya suka ba da goro, wasu kuwa suka ɗauki maganar da gaske, suka nufi bakin titin. Ana cikin haka Ikram ta kare aikinta a Maruwa, malamai suka yaba, waƙar ta shiga wayoyin mata tana yawo. Kaltouma ta saurara sau ɗaya a ɓoye. Yarinyar ba ta rage kowa ba, ta sa kowace murya inda ta dace, abin ya yi kyau har ya ba ta haushi. Ta ce wa Ridwan, “Kun tura ta karatu, ta dawo ta raba mini gida da yatsa.”

Ridwan ya shirya wunin mata don murnar gama karatun 'yarsa. Kaltouma ta sa aka wanke ƙore, ta nemo wasu 'yan mata biyu tana koya musu amshi da zagi. Sai ga matar Ridwan ta zo har ɗaki, ta durƙusa, murya kamar zuma.

“Yaya, mun yi shawara. Ke uwa ce a wannan taro. Ina aka taɓa ganin uwa a tsaye cikin rana tana yi wa baƙi waƙa? Zama za ki yi a kujera, a zo a gaishe ki.”

“Wa zai yi waƙar?”

“To... an dai yi wa Mama magana.”

Kaltouma ta dube ta tun daga ɗankwali har yatsun ƙafa. An ɗaure ta da girma, igiyar da ba a kwancewa a gaban mutane. In ta ƙi zuwa, a ce tana baƙin ciki da 'yar ƙanenta. In ta ce sai ta yi waƙa, a ce ba ta san darajarta ba.

Ta je. Ta sa leshin da ya fi na kowa tsada, ta ɗaura ɗankwali har yana taɓa rufin rumfa, ta zauna a kujerar tsakiya da fuska kamar an aiko ta karɓar gawa. Ikram, cikin rigar gama karatu, ta bar kujerarta ta je ta zauna kusa da Christian tana gyara masa sauti, don kada a ce bikin mai digirin sauti lasifika na kuka.

Mama ta fito gaba. Baitin farko ta shiga da wuri, Kaltouma ta ce wa ta kusa da ita, “Kin ji ko? Gaba ba wasa ba ce.” A na biyu ta daidaita. A na uku fili ya yi tsit, ta kusa da itan ma ta daina amsa mata.

Aka yi wa Ikram waƙa, aka yi wa uwarta, aka yi wa Ridwan daga nesa. Sai Mama ta ɗaga hannu ƙwarya ta sassauta, ta juyo ta fuskanci kujerar tsakiya.

“Ina Kaltouma ta Abdelkerim, jikar fatake masu dila! Wadda ta kai amaren Yelwa ɗaki, ta kai 'ya'yansu! Mai kunun marar lafiya, mai zaman makokin wanda ba shi da kowa! Ni na san ta, jama'a, ta baya na san ta, inda ba a yi wa mutum kwalliya!”

Ta jero iyayenta da kakanninta ba ta tsallake ko ɗaya ba, don a bakin Kaltouma ta haddace su. Babu ƙarya a ciki, babu habaici, abin da ya fi ƙona rai ke nan. Mata suka ɗauki guɗa, idanu duka suka dawo kujerar tsakiya.

Kowa a wurin ya san abin da ya rage. Wadda zabiya ta kira da sunan kakanninta ba ta zama. Kaltouma da kanta ta tayar da matan gwamnoni da wannan dabara, ta sa marowata sun kwance bakin zane suna murmushin dole. Yau ga shi an kira ta.

Ta zauna iya abin da mutunci zai bari. Sannan ta miƙe, ta buɗe jaka, ta zaro sabuwar takarda mai ƙamshin banki, ta ratsa fili tana taku ɗaya-ɗaya, awarwaro na ƙara. Ta tsaya gaban Mama. Suka dubi juna, ido cikin ido, abin da ba su saba ba, don ɗaya ƙeyar ɗaya ta sani.

Mama ta sunkuyar da goshi. Kaltouma ta ɗora takardar, ta sa babban yatsa ta danna. Ta danna har kan Mama ya koma baya, har ta ja ƙafa ɗaya don kada ta faɗi. Mama ba ta yanke waƙa ba. Fili ya kaure da guɗa, ana cewa kai, Hajja ta yi abin girma.

Ta dawo kujerarta ta zauna tana haki. Hajja Laila ta sunkuyo ta ce, “Hajja, kin ji murya kuwa?”

“Na ji. A bayana ta koya.”

Aka kawo mata shinkafa da kifin Binuwai, ta ce ba ta jin yunwa. Yanzu zabiya biyu ce a Garwa, masu biki na zaɓa, Kaltouma kuwa na samun nata daidai gwargwado, tana kuma tambayar duk wadda ta dawo daga bikin ɗayar ko mutane sun cika. Matan da suka tsaya kwashe kujeru ran nan sun ce har aka watse, shatin yatsa na nan a goshin Mama.